Fitilar Da Tsami Ke Kunnawa

Duk wanda ya taɓa yanke ruɓaɓɓen wuri daga jikin doya ya san wahalar da ke ciki. In ka yanka sama-sama, ka bar ruɓa, gobe ta cinye sauran. In kuwa ka zurfafa wuƙa, ka zubar da abinci mai kyau. To, irin wannan wahala ce ke gaban likitan fiɗa ran da aka kwantar masa da mai ciwon daji, sai dai shi abin da ke ƙarƙashin wuƙarsa ba doya ba ce. Harshen mutum ne, ko maƙogwaro, ko hanji, ko maman mace mai 'ya'ya.

Ƙari, watau tsiron nan da ciwon daji ke yi a cikin jiki, tsakiyarsa ba ta da wuyar ganewa. Bakinsa ne ke da wuya, inda ya ke cuɗanya da lafiyayyen nama. Likita ba shi da abin dogara a nan sai idonsa da yatsansa. In ya gama, a kan kai naman da ya cire ɗakin bincike, a yayyanka shi siri-siri, a rina, a duba da madubin ƙara girma. Wannan aiki ya kan ci kwanaki. In amsa ta zo cewa cutar ta kai har bakin yanka, ke nan an bar saura a jiki, sai a sake fiɗa, ko a shiga gashi, ko a ƙara magani. Ku dubi halin majiyyacin da aka ɗinke, ya fara murna, sa'an nan a ce masa da sauran aiki.

Hoton ƙashi da Bajamushen nan Röntgen ya gano a 1895, da sauran na'urorin hoto da suka biyo baya, yawancinsu siffar ƙari su ke nunawa, da girmansa, da wurin da ya ke. Abin da za mu karanta yau wata dabara ce dabam: a aika da 'yan aike ƙanana cikin jini su ɗanɗano ƙarin, su faɗa mana da haske. Kafin mu kai gare su, sai mun san abin da za su ɗanɗana.

Ƙari yana da tsami

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kowace kuwa tana bukatar abinci. Abincinta sukari ne wanda jini ke kawo mata. Lafiyayyar ƙwaya ta kan ƙone sukarin nan da iskar oksijin, ta ƙone shi sarai, har ba abin da ya rage sai ruwa da iskar da mu ke fitarwa in mun numfasa. A wajen 1924 wani masani a Balin ta ƙasar Jamus, Otto Warburg, ya lura da cewa ƙwayoyin ciwon daji ba haka su ke yi ba. Su kan haɗiyi sukari da yawan gaske, amma ba su ƙone shi duka, ko da akwai oksijin a kusa. Su kan bar shi rabi da rabi, ya zama wani irin tsami. Tsamin nan ba baƙonmu ba ne. Shi ne wanda ke cikin nonon da Fulani ke tallarsa, shi ne kuma ke ƙaruwa a jinin ɗan tsere in ya ƙure gudu.

Ƙwayar ciwon daji ba ta barin tsamin a cikinta. Waje ta ke tura shi, kamar matar da ke watsa ruwan wanke-wanke bayan katanga. Da a ce magudanai na da kyau, da jini ya kwashe. Amma jijiyoyin jinin da ke cikin ƙari aikin gaggawa ne. Judah Folkman na Boston ya bayyana a 1971 cewa ƙari ba ya wuce milimita ɗaya ko biyu sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyi, kuma waɗannan jijiyoyi karkatattu ne, masu yoyo, waɗansu ma a toshe. Saboda haka tsami ya kan kwanta a tsakanin ƙwayoyi. Ba kuwa a banza ya ke kwanciya ba, gama yana raunana sojojin jiki da suka zo yaƙi, yana kuma taimakon ƙarin wajen cin naman da ke kewaye da shi.

Waɗanda suka shiga ɗakin kimiyya sun san ma'aunin tsami da a ke kira pH, wanda Sørensen na ƙasar Denmak ya kafa a 1909. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Abin da ya yi ƙasa da 7 tsami ne, abin da ya haura kuwa ɓangaren kanwa ne. Ruwan lemun tsami yana wajen 2. Jinin lafiyayyen mutum yana tsaye a wajen 7.4, ba ya ko gusawa sai kaɗan. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙari kuwa ya kan sauka zuwa tsakanin 6.5 da 6.9. Kada ku raina wannan rata. Kowace lamba ɗaya a ma'aunin nan ninki goma ce, don haka daga 7.4 zuwa 6.8 tsami ya ninka kusan sau huɗu.

Me ya sa masana suka damu da tsami? Domin ciwon daji ba cuta ɗaya ba ce. Iri-iri ne fiye da ɗari, kowane da alamarsa, har ma ƙari ɗaya ya kan sha bamban daga wannan gefe zuwa wancan. Ɗan aiken da ya san alama ɗaya tak, zai wuce sauran bai gane su ba. Amma tsami kusan duk ƙari mai tauri yana da shi.

Akwai kuma abu na biyu, watau ƙarancin oksijin. A 1955 Turawan Ingila biyu, Thomlinson da Gray, suka duba ƙarin huhu, suka ga ƙwayoyin da suka yi nisa da jijiya, nisan da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, sun rasa iska har waɗansu sun mutu. Waɗanda suka rage da rai a wannan yanki su ne masu taurin kai, domin gashi ba ya cin ƙwayar da ba ta da oksijin sai an ninka shi kusan sau uku.

Hasken bayan ja

To, a ce ɗan aike ya shiga ya ɗanɗana. Ta yaya zai aiko da labari daga cikin nama? Da haske. Amma ba kowane haske ba.

A 1800 William Herschel, mai duban taurari a Ingila, ya sa gilashi mai kusurwa uku a gaban hasken rana, hasken ya rarrabu launi-launi kamar bakan gizo. Ya ɗauki ma'aunin zafi yana sawa cikin kowane launi. Da ya wuce ja, ya ajiye ma'aunin a wurin da ido ba ya ganin komai, sai ya ga zafi ya ƙara hawa. Ashe akwai haske a can, idonmu ne bai isa ba. Mu kira shi hasken bayan ja.

Haske tafiyar igiyar ruwa ya ke yi, irin wadda ku ke gani in kun jefa dutse a tafki. Tazarar da ke tsakanin igiya da igiya ita ke bambanta launi. Ana auna ta da nanomita. Ku ɗauki milimita ɗaya a jikin rularku, ku kasa ta kashi miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Idon mutum yana gani daga wajen nanomita 400, watau shuɗi mai duhu, zuwa wajen 700, watau ja. Abin da ke biye da 700 shi ne bayan ja na kusa, da shi ne mu ke da aiki.

Yau da dare ku kunna tocila, ku rufe bakinta da yatsunku. Za ku ga yatsun sun yi ja jawur. Farin hasken tocila yana ɗauke da dukan launuka, amma sinadarin da ke sa jini ja ya shanye shuɗi da kore, ja kaɗai ya samu wucewa. Hasken bayan ja ya fi ja ɗin iya wucewa. Jini ba ya shansa sosai, baƙin fata ma bai cika tare shi kamar yadda ya ke tare sauran launuka ba. In aka yi nisa ƙwarai kuma sai ruwan jiki ya fara shanye shi. Saboda haka akwai wata 'yar taga tsakanin shan jini da shan ruwa, daga wajen nanomita 700 zuwa 900. Frans Jöbsis na jami'ar Duke a Amurka ya nuna a 1977 cewa da irin wannan haske ana iya bin sawun oksijin a cikin ƙwaƙwalwa ba tare da an fasa kai ba. Ɗan maƙalen nan da ma'aikatan jinya ke sa wa majiyyaci a yatsa ɗan gidan ne: fitila biyu gare shi, ja da bayan ja. Daga baya aka gane da taga ta biyu, daga nanomita 1000 zuwa 1700, inda haske bai cika warwatsewa cikin nama ba, hoto ya fi fitowa tas.

Saura abu ɗaya. Akwai rini iri-iri waɗanda in an haska su da wani launi, su kan haɗiye shi, su mayar da wani launi mai tazara mafi tsawo. Kun ga yadda alamun ɓoye na takardar kuɗi ke walƙiya in ma'aikacin banki ya sa ta ƙarƙashin fitilarsa. Wani koren rini mai suna indosayanin, wanda aka haɗa a ɗakunan binciken Kodak, aka kuma yarda da sa shi a jikin mutum a Amurka tun 1959, yana mayar da haske a wajen nanomita 800 da ɗan ɗori. Likita ba ya ganinsa da ido. Kyamara ce ke gani, ta zuba hoton a allo, yawanci a yi masa launin kore don ya fito. Aibinsa ɗaya: rinin nan ba ya tambaya. Ko'ina jini ya kai shi walƙiya ya ke yi, hanta kuma ta kwashe shi cikin 'yan mintoci.

Ƙwayoyin nano

Gashin kan mutum kaurinsa ya kai wajen nanomita 80,000. Jar ƙwayar jini wajen 7,000 ce. Abin da a ke kira ƙwayar nano kuwa ba ta wuce 100, watau sai an jera 800 kafin su ƙetare gashi ɗaya. Abu in ya ƙanƙance haka, halinsa ya kan sake. Michael Faraday ya nuna a 1857 cewa zinariya in an mai da ita ƙananan ƙwayoyi cikin ruwa, ja ta ke zama, ba ruwan ɗorawa ba.

Amfanin ƙanƙantar a nan shi ne yoyon nan na jijiyoyin ƙari. A 1986 Matsumura da Maeda na Kumamoto a ƙasar Japan suka nuna cewa abubuwa masu ɗan girma, waɗanda lafiyayyar jijiya ba ta bari su fita, su kan zurara ta ɓarakar jijiyoyin ƙari su taru a can, su kuma daɗe, tun da magudanar da za ta kwashe su ba ta aiki.

Yanzu ga dabarar da ta fi burge ni a duk wannan fanni, ta Jinming Gao da likitan fiɗa Baran Sumer, na Dalas a jihar Teksas. Ku natsu a nan, gama in kun fahimci wannan, sauran ba wuya.

Kun san yadda sabulu ke wanke mai. Kowace ƙwayar sabulu kai biyu gare ta, ɗaya na son ruwa, ɗaya na gudunsa. In sun shiga ruwa su kan dunƙule, masu gudun ruwa su ɓuya a ciki, masu son ruwa su fuskanci waje. Su Gao suka ƙera dogayen zaruruwa masu irin wannan hali, suka ɗaura koren rinin nan a kan da ke gudun ruwa. Da an zuba su a ruwa sai su dunƙule su zama 'yan ƙwallaye, rini duk ya cunkushe a tsakiya. Rinin kuwa in ya cunkushe ba ya walƙiya. Kowane ya haɗiyi haske sai ya miƙa wa na kusa da shi, har ƙarfin ya lalace ya zama ɗan zafi, ba abin da ya fito. Ƙwallon yana yawo cikin jini a kashe, kamar fitilar da aka kifa wa ƙwarya.

Hikimar tana jikin kan nan mai gudun ruwa. An yi shi da wani sinadari wanda in tsami ya kai wani matsayi, ya kan kama abin da ke sa tsamin, ya juye ya zama mai son ruwa. Da ya juye, ba sauran dalilin ɓuya. Ƙwallo ya watse, rini ya rabu da juna, haske ya tashi. Kuma ba sannu-sannu ya ke watsewa ba. Da 'yan kaɗan sun juye sai ruwa ya shiga, sauran su bi gaba ɗaya, duk cikin ratar da ba ta kai rubu'in lamba ɗaya ta pH ba. An saita wani daga cikinsu ya watse a wajen 6.9. A jini, mai 7.4, shiru. A cikin ƙari, wal! Ratar tsami ƙarama ta zama bambancin dare da rana a allo, abin da likita ke so ke nan, don shi ba lissafi ya zo yi ba, iyaka ya ke nema.

Sun buga sakamakon gwajinsu a jikin ɓeraye a 2014. A 2020 aka buga na farko a jikin mutane, wanda aka yi a asibitin jami'ar Groningen ta ƙasar Holan, da majiyyata 30 masu ciwon dajin kai da wuya, da na mama, da na maƙoshi, da na babban hanji. A kan yi allurar kwana ɗaya kafin fiɗa. Ƙari na duk iri huɗun ya yi haske fiye da naman da ke kewaye da shi. Sunan maganin yanzu pegsitacianine. Mutum 30 dai ba su isa a yanke hukunci ba. Gwajin farko tambayarsa ita ce ko abin yana cutarwa, ko kuma yana aiki kamar yadda aka zata.

Akwai waɗansu 'yan aiken. Ɗigon kwantam wani ɗan lu'ulu'u ne wanda girmansa ke yanke launin da zai fitar. A kansa aka ba Ekimov da Brus da Bawendi kyautar Nobel a 2023. A 2004 an yi amfani da shi aka gano kaluluwa a jikin alade, zurfin santimita ɗaya ƙarƙashin fata, amma da yawa cikinsu suna ɗauke da kadmiyam, ƙarfe mai guba, shi ya hana su saurin shiga asibiti. Akwai siraran bututun gawayi, faɗinsu wajen nanomita ɗaya, waɗanda aka gano a jami'ar Rice a 2002 cewa suna fid da hasken bayan ja da kansu, ba su kuwa dushewa kamar rini. In wani abu ya manne a jikin bututun, launin haskensa ya kan ɗan gusa. Da wannan Daniel Heller da abokan aikinsa a Niyok suka yi wani ɗan ma'auni a 2018, suka dasa shi a cikin ɓeraye, ya gane wani furotin da ciwon dajin ƙwan mace ke fitarwa. Na oksijin kuma aikinsu a juye ya ke: oksijin ne ke kashe haskensu, don haka inda suka fi haske, nan iska ta fi ƙaranci.

Inda gizo ke saƙa

Kada wani ya fita daga nan ya ce an sami na'urar da za a haska mutum a ga ciwon daji ko'ina ya ke. Hasken bayan ja ya fi sauran shiga nama, gaskiya ne, amma shigar tasa milimita kaɗan ce, in ta yi nisa santimita ɗaya ko biyu. A jikin ɓera wannan ya kusa ratsa dabbar duka. A jikin mutum kuwa ko hanta bai kai ba. Shi ya sa amfaninsa ya fi yawa a ɗakin fiɗa, inda an riga an buɗe jiki, ko a bakin bututun da a ke zurawa ta maƙogwaro ko ta hanji.

Na biyu, 'yan aiken da yawa ba su isa inda aka aike su. Hanta da saifa aikinsu ke nan su kama baƙon abu a jini. A 2016 Warren Chan da mutanensa a Toronto ta Kanada suka tattara gwaje-gwajen shekara goma da aka yi a jikin dabbobi, suka ga a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na ƙwayoyin da aka yi allura ke kaiwa ga ƙari. Watau cikin dubu, bakwai. Ga mai aika magani wannan mugun labari ne. Ga mai aika fitila da sauƙi, muddin bakwai ɗin suka kunnu, sauran suka zauna a kashe.

Sai batun fita. Abin da aka sa a jiki dole ya san hanyar waje. Ƙoda ba ta tace abin da ya wuce wajen nanomita shida. Don haka ne Ulrich Wiesner na jami'ar Cornell ya ƙera nasa ƙwayoyin da sinadarin yashi, ƙanana ƙwarai, da rini a ciki, don su fita ta fitsari. An buga gwajinsu na farko a jikin mutane a 2014. Amma in ƙwaya ta cika ƙanƙanta, ta kan fice tun ba ta taru a ƙari ba. Maƙeri yana tsakanin wuta biyu.

Akwai kuma ruɗi. Wurin da ya kumbura ko ya yi ƙurji shi ma ya kan yi tsami, zai iya kunna fitila alhali ba ciwon daji ba ne. Ƙarfin haske kuma ba tsami kaɗai ke yanke shi ba. Yawan ƙwayoyin da suka taru da zurfin da su ke duk suna da hannu. Maganin da masana ke yi wa wannan shi ne su sa rini biyu a ƙwaya ɗaya, ɗaya yana sakewa da tsami, ɗaya ba ruwansa, sa'an nan a gwada wannan da wancan. A ganina wanda ya gane dalilin rini na biyun nan ya gane rabin aikin awo a kimiyya. Ko da hakanan, mai madubin ƙara girma shi ke da magana ta ƙarshe.

Abin gwadawa a aji

Ku da za ku fita koyarwa, kuna iya nuna wa yara gindin wannan darasi ba tare da kun sayi komai mai tsada ba. A jiƙa zoɓo a ruwan zafi, a tace, a ƙara ruwa har ya yi ja mai haske-haske, kada a sa sukari. A zuba a kofin gilashi uku. Na farko a bar shi. Na biyu a matsa lemun tsami, zai ƙara ja. Na uku a ɗiga ruwan kanwa sannu-sannu, yara na ƙirga ɗigo, za su ga ja ya dushe, ya koma shuɗi-shuɗi, har ya yi kore mai duhu. A sake matsa masa lemo, ja ya dawo. Sa'an nan ku tambaye su: ɗigo nawa aka yi kafin launi ya gama juyawa, kuma in da a ɗigo ɗaya tak ya ke juyawa, wane amfani wannan zai yi wa mai neman iyaka?

Don hasken bayan ja kuma, a samo abin sauya tashar talabijin, a danna shi yara na kallon bakinsa, ba za su ga komai ba. A sake dannawa a gaban kyamarar wayar hannu, sai ga ɗan haske fari-fari yana ƙyaftawa a allo, haske ne na wajen nanomita 940. Waɗansu wayoyin an sa wa kyamararsu ta baya matacin da ke tare shi, saboda haka in ba a gani ba, a juya a gwada da ta gaba.